Sukul ɗin 'yata ya yi ƙasa a jarrabawar aji huɗu, in cire ta ne?

Wata 'yar'uwa daga Aboabo ta aiko da wannan tambaya:

"Madam, ina wuni. 'Yata tana aji huɗu a wani sukul na gwamnati a unguwarmu. A taron PTA na iyaye da malamai hedimasta ya gaya mana cewa a jarrabawar da gwamnati ke yi wa 'yan aji huɗu, sukul ɗinmu ya yi ƙasa ƙwarai. Amma ita yarinyar ta uku ta zo a ajinsu, katin ripot ɗinta yana hannuna. Babanta ya ce mu cire ta mu kai ta sukul na kuɗi, ni kuma kuɗin ne ke ba ni tsoro, ga ƙannenta biyu suna tasowa. Wasu iyaye sun ce a kori malamin ajin, wasu sun ce makaranta ce ke cinye wa yara lokaci. Wanne zan kama?"

Ƙanwata, lafiya lau, sannu da ƙoƙari. Uwar da ta rufe rumfarta ta je ta zauna a taron PTA, ta dawo gida maganar ta tsaya mata a rai har ta rubuto, 'yarta ba ta rasa gata ba. Na riƙe alli shekara talatin da ɗoriya a garin nan na Kumasi, yawancinsu a ƙananan azuzuwa, daga baya na shugabanci sukul, don haka abin da idona ya gani zan gaya miki. Masu karatu daga Najeriya da Nijar su yi haƙuri da bakinmu: a Zangon Gana in an ce makaranta, ta allo da Islamiyya ake nufi, ta boko kuwa sukul muke ce mata.

Kada ki cire ta tukuna. Kada kuma ki kwantar da hankalinki a kan "ta uku" ɗin nan. Akwai tambayar da ta fi duk waɗanda kika yi nauyi, kuma a daren yau za ki iya samun amsarta a tsakar gidanki: in aka ba yarinyar nan rubutun da ba ta taɓa gani ba, za ta karanta shi, ta kuma gaya miki abin da ya ce? Duk sauran maganar a kan wannan ta rataya.

Jarrabawar da hedimasta yake nufi ita ce NST, jarrabawar bai-ɗaya ta ƙasa. An fara ta a watan Disamba na 2021, lokacin Dakta Yaw Osei Adutwum yana ministan ilimi, da 'yan aji huɗu na sukul ɗin gwamnati, a darasi biyu, Turanci da lissafi. Ba ta hana yaro zuwa aji biyar, ba ta ba shi satifiket. An kawo ta ne saboda a da yaro sai ya yi shekara biyu a KG, wato ajin share fage, shida a firamare, uku a JHS, wato ƙaramar sakandare, shekara goma sha ɗaya cur, kafin ya gamu da jarrabawar ƙasa ta farko, wato BECE ta hukumar WAEC. In a nan ne aka gano bai iya karatu ba, bakin alƙalami ya riga ya bushe. Akwai wata mai suna NEA tun 2005, amma ita wasu sukul ake zaɓa a gwada don a san halin ƙasa baki ɗaya, ba kowane yaro ke zama ba. To ki ɗauki NST kamar gwajin jini a asibiti. Ana yin sa ne don a san abin da za a yi wa magani tun ciwo bai kwantar da mutum ba. Ki kuma tambayi hedimasta ko wane rukuni ne suka rubuta, domin sau da yawa sakamakon da ake karantawa a taro na yaran da suka riga suka bar ajin ne.

Kada ki ɗauka sukul ɗinku kaɗai abin ya shafa. A 2013, aka kuma maimaita a 2015, an yi wani gwajin karatu da ake kira EGRA a faɗin ƙasar nan. Ana zaunar da 'yan aji biyu ɗaya bayan ɗaya, a miƙa musu rubutu su karanta da baki, da Turanci da kuma harshen Gana da ake koyarwa a sukul ɗinsu. Wajen rabin yaran, a wasu harsunan ma fiye da haka, ba su iya karanta ko kalma ɗaya ba. Waɗanda suka karanta sumul tare da fahimta ba su wuce biyu cikin ɗari ba. Ranar da na fara jin alƙaluman nan ban yi mamaki ba, kunya na ji, don na san yaran, a gabana suke zaune kullum.

Yanzu ga abin da yawancin iyaye ba a bayyana musu game da maki. A NEA, ma'aunin da aka sa shi ne wanda ya samu 35 cikin ɗari ya kai mafi ƙarancin abin da ake nema, wanda ya samu 55 ya iya. Tambayoyin na zaɓi ne, amsa huɗu, ɗaya ce daidai, don haka yaron da bai karanta komai ba, ya yi ta canki-canka, zai iya tashi da wajen 25. Kin ga ke nan maki 27 ko 30 a irin wannan takarda ba ya nufin yaro ya san kashi ɗaya cikin uku na darasi. Yana iya nufin bai karanta tambayar ba sam. Sannan in aka ce miki matsakaicin makin aji 40 ne, ba a gaya miki komai ba tukuna. Ɗauki aji mai yara 40. Yana yiwuwa dukansu suna tsakanin 35 da 45. Yana kuma yiwuwa goma suna da 80, talatin suna da 27. Lissafin duka biyun wajen 40 zai ba ki, amma ajin farko ƙarin turi yake so, na biyun kuwa yara talatin ne aka bari a baya ana ta tafiya da goma. A sanina, irin na biyun ya fi yawa a unguwanninmu. Don haka a taro na gaba ki miƙe ki tambaya: yara nawa ne suka kasa kai mafi ƙarancin maki, kuma a wane ɓangare, karatu ne ko lissafi?

Batun ta uku kuwa, ta uku cikin su wa? Ba rage wa 'yarki daraja nake yi ba, wataƙila haziƙa ce ta gaske. Amma matsayi a aji yana gwada yaro ne da na kusa da shi. Jarrabawar ƙarshen tam, wato zangon karatu, kuma galibi daga abin da malami ya rubuta a allo take fitowa, yarinya mai kaifin hadda za ta kwashe shi ta mayar masa yadda ya ba ta, ta ci 80. Jarrabawar ƙasa sabon labari take kawowa, wanda ba a taɓa rerawa a aji ba.

Akwai wani yaro da ba na mantawa. Yana aji huɗu, in ana karatun baki ɗaya muryarsa ce ke fin ta kowa, malaminsa yana yabonsa. Wata rana na kira shi teburina, na buɗe shafin da suka karanta da safe. Ya zubo shi tun daga sama har ƙasa ba gargada, yatsansa na bin layi, idonsa kuwa yana kan taga. Sai na ɗora yatsana a kan kalma ɗaya a tsakiyar shafin, na ce wannan fa? Ya yi shiru. Gumi ya tsattsafo masa a kan hanci. Can ya ce da ni da Hausa, a hankali don kada 'yan aji su ji: "Madam, ki fara min daga sama." Shekara huɗu yaron nan yana ɓoye wannan sirri da hadda, kuma ba wanda ya taɓa zaunar da shi shi kaɗai na minti ɗaya. Shi ne kuma in an tashi yake sayar da ruwan leda a tasha, a ba shi sidi biyar ya ba da canji ba ya kuskure ko na fesuwa. Amma a takardar lissafi faɗuwa yake, don tambayar da Turanci take zuwa. Kalmar Turancin da ke nufin "saura" ita ce dai ke nufin "hagu", shi kuma hagu kaɗai ya sani, daga faretin safe. Lissafin yana kansa, ƙofar shiga ce aka kulle masa.

Ga abin da za ki yi yau bayan Magariba. Ki aro littafin Turanci na aji biyu ko uku wanda ba nata ba, daga maƙwabta. Ki buɗe shafin da ba ta sani ba, ki sa agogon waya minti ɗaya, ta karanta da ƙarfi. In ke ba ki karanta Turanci, ki kira wata yayarta ta JHS ko sakandare ta zauna kusa tana ƙirga kalmomin da ta faɗa daidai. Kada a yi a gaban baƙi, kada a riƙe bulala, ki ce mata wasa ne. Masu binciken karatu sukan ce sai yaro ya kai wajen kalma 45 zuwa 60 a minti kafin ma'ana ta riƙa zama masa, domin mai jan kalma ɗaya-ɗaya da ƙyar, kafin ya kai ƙarshen jimla ya manta farkonta. Bayan ta gama, a rufe littafin, a yi mata tambaya uku ko huɗu da Hausa, ta amsa da Hausa: wa ake magana a kai, me ya faru, me ya sa?

In ta tsaya tana kokawa da haruffa, ko tana kallon hoto tana ƙirƙira, to tushe ne babu, sai an koma kan sautin haruffa da haɗa su, ko da tana aji huɗu, kuma ba abin kunya ba ne. In ta karanta tiryan-tiryan amma ta kasa gaya miki abin da labarin ya ce, to idonta ya buɗe, Turancin ne bai ishe ta ba, maganinta yawan ji da yawan karanta labarai masu sauƙi ana fassara mata. In kuwa ta karanta ta kuma ba ki labarin, ki gode wa Allah, tana cikin goman nan, sakamakon sukul ba hotonta ba ne. Kowanne da maganinsa, shi ya sa ba na son a yanke shawarar cire yaro kafin a san wanne ne.

A nan ne nake so in daɗe kaɗan, don wannan ɓangaren namu ne mu 'yan Zango, kuma ba kasafai ake faɗarsa a ofis ba. Tsarin ƙasar nan ya ce a fara koya wa yaro karatu da harshen Gana daga KG zuwa aji uku, Turanci yana shigowa a hankali, daga aji huɗu kuma komai ya koma Turanci. Harsuna goma sha ɗaya gwamnati ta daɗe da amincewa da su don wannan aiki: Twi na Asante da na Akuapem, Fante, Nzema, Ga, Dangme, Ewe, Dagbani, Dagaare, Gonja da Kasem. Ki duba da kyau, babu Hausa a ciki, duk da cewa gidan rediyon ƙasa ya daɗe yana watsa shirye-shirye da ita. To ɗan Aboabo ko Asawase ko Sabon Zango ya tashi da Hausa a gida, wani ma da Mosanci ko Zabarmanci ko Kotokolanci a ɗakin kakarsa, Hausa a tsakar gida. Ya je sukul a ba shi Tonanci, wato Twi, a rubuce, ya je makaranta ya tarar da Larabci, ranar jarrabawa a auna shi da Turanci. Mu na Kumasi da ɗan sauƙi, don yaranmu da yawa suna tsintar Tonanci a titi da kasuwa. 'Yan'uwanmu na Nima da Mamobi a Accra, inda ake ba yaro Ga ko Twi ko a tsallake kai tsaye zuwa Turanci, nasu ya fi namu ɗaurewa. Yaron da ke juya harshe huɗu yana ɗan shekara tara ba daƙiƙi ba ne. Abin da ya rasa shi ne ba a tsaya an buɗe masa ido sosai a ko ɗaya daga cikinsu da haruffan boko ba. Aji huɗu kuma shi ne daidai inda ake daina koya wa yaro karatu, a fara sa ran zai yi karatu don ya koyi sauran darussa. Wanda bai haye ba a nan, kimiyya da tarihi da komai sai su rufe masa lokaci guda, ana kuma ciyar da shi gaba kowace shekara.

Masu cewa makaranta ce ta jawo, ban yarda da su ba, kuma ina da dalili. Ki tuna yadda aka koya mana: babbaƙu tukuna, harafi ɗaya-ɗaya, sannan farfaru, a sa wa harafi wasali a ji yadda sautinsa ya canja, sannan a haɗa. Wannan hanya ita ce dai masana karatu ke cewa a bi a boko, a fara da sauti, a haɗa sauti ya zama kalma. Yaron da ya yi babbaƙu da farfaru da kyau ya riga ya gane babban sirrin rubutu, cewa zane yana ɗauke da sauti. Na sha amfani da wannan a aji, in ce wa yaro wannan harafin shi ne "ba" ɗinku na allo, wannan kuma shi ne fataha, nan take sai ki ga fuskarsa ta washe. Tun 1987 hukumar ilimi ta GES take da sashen ilimin Musulunci, wanda sukul ɗin Turanci da Larabci ke ƙarƙashinsa, kuma daga 2024 Larabci ya shiga darussan da ake iya rubutawa a BECE. Ba kishiyoyi ba ne. Inda gaskiyar masu ƙorafin take shi ne gajiya. Yarinyar da ta tashi da asuba ta ɗebo ruwa, ta kai koko bakin titi, ta isa sukul an gama darasin farko, ta taso ta wuce makaranta, ta dawo ta yi wanke-wanke, ta kwanta ƙarfe goma sha ɗaya, ba malamin da zai iya da ita. Darasin karatu kuma galibi da safe ake yin sa, mai makara kullum shi take rasawa. Ki ƙara da ranakun da muke ɗauke yara don biki da suna da zaman makoki, da Juma'ar da wasu ba sa komawa aji. In za a rage wani abu, a fara da talla da waya da waɗannan.

Korar malamin aji huɗu kuwa, an bar jaki ana dukan taiki. Shi ya karɓi yaran ne a yadda suka zo masa. In akwai inda aka yi sakaci, a KG da aji ɗaya da biyu ne. Zan faɗi laifina a nan, don na yi shi da hannuna. Shekarun farko da na zama shugaba, duk malamin da na ga ya fi ƙwazo sai in kai shi aji shida, don can ake ganin sakamako, can baƙi ke leƙawa. Aji ɗaya kuwa sai in ba wanda ya zo sabo, ko wadda ta gaji tana jiran ritaya, ina ganin ai wasa da waƙa ne kawai. Na yi shekaru ina mamakin me ya sa ƙwararrun malamaina na sama suke ta fama ba ci gaba. Sai da yaron nan ya ce min in fara masa daga sama na koma na zauna a bayan aji ɗaya na sati guda, na ga yara sun fi hamsin, littafi ɗaya a hannun malama, ana ta rera abin da ba wanda ke kallonsa. Shekara mai zuwa na sauko da malamata mafi ƙarfi zuwa aji ɗaya. Ta yi fushi da ni, ta ɗauka rage mata girma na yi. Yaran da suka ratsa hannunta su ne rukunin farko da na gani sun iso aji huɗu yawancinsu suna karatu. Waɗanda suka wuce kafin nan, har yau in na gamu da wasunsu a kasuwar Kejetia nauyinsu nake ji.

Iyaye ba su da ikon korar malamin gwamnati, amma kuna da kwamitin kula da sukul, SMC, kuna da PTA, akwai kuma jami'in ofishin ilimi da ke zagaya sukul-sukul, wanda yanzu ake kira SISO. Ta nan za ku bi. Ku tambaya wa ke riƙe da aji ɗaya da biyu, yara nawa ne a ciki, littafin karatu nawa ne a hannun yara ba a kabad ba, kuma kwana nawa malamai suka yi fashi a tam ɗin da ya wuce. Sai ku nemi abu guda wanda ba ya cin kuɗi: awa ɗaya kullum da za a raba yaran aji huɗu zuwa shida gwargwadon inda karatunsu ya tsaya, ba gwargwadon ajinsu ba. Masu haruffa wuri ɗaya, masu kalmomi wuri ɗaya, masu labari wuri ɗaya, kowane rukuni da malaminsa, bayan 'yan makonni a sake gwadawa, wanda ya haye ya matsa gaba. Wata ƙungiya ce a Indiya, Pratham, ta shahara da wannan hanya. An gwada ta a nan Gana a shirin TCAI, aka sake gwadawa a shirin STARS, bincike ya nuna karatun yara ya ƙaru, duk da cewa a wurare da dama ba a riƙa yin awar kullum yadda aka tsara ba. Mu da muka yi, abin da ya fi ba mu wuya kunya ce: saurayin aji shida ba ya son a gan shi a benci ɗaya da ƙaninsa. Sai muka sa wa rukunonin sunayen launi, muka hana kowa, har malamai, kiran wani rukuni na daƙiƙai. Bayan sati biyu yaran da kansu suka fara roƙon a gwada su.

Abin da nake tsoro shi ne sukul ya ji zafin sakamakon nan ya kama hanyar da ba ta ɓullewa, a ce kowa ya kawo kuɗin darasin yamma, a tara tsofaffin tambayoyi ana ta haddace wa yara saura wata guda jarrabawa. Ba a fafe gora ranar tafiya. Yaron da bai iya karatu ba, ko tambaya dubu aka haddace masa, in aka juya ta ya ɓace. Mafi muni shi ne apo, wato satar tambayoyin jarrabawa, ko malami ya bi layi yana nuna amsa da yatsa don sunan sukul ya fita. Na taɓa ganin haka da idona a wani wuri, sakamako ya yi kyau, kowa ya tafa, yaran kuma aka hana su taimakon da gaskiya za ta jawo musu. Saboda haka hedimastan da ya tsaya gaban iyaye ya ce mun yi ƙasa, ni a wurina ya ci maki ɗaya. Ku riƙe shi da tambayar me za a yi, kada ku sa ya yi nadamar faɗin gaskiya.

Maganar babanta ta sukul na kuɗi ba wauta ba ce, ki saurare shi. Akwai masu kyau ƙwarai a garin nan, inda malami ba ya fashi don mai sukul yana tsaye a kansa. Akwai kuma waɗanda ɗakuna ne aka yanka da katako, aka ɗauki yaran da suka gama sakandare jiya suna koyarwa, Turancin baki ya yi yawa, karatu kuwa haddar ce dai. Kyallen da ake ratayawa a ƙofa mai cewa kowa ya ci BECE kada ya ruɗe ki, don wasu sukan hana raunanan yara rajista da sunan sukul ɗin. Sannan yaran da iyayensu ke iya biya galibi sun zo da littafi da abinci da mai duba musu aiki a gida, ba duka aikin sukul ba ne. In za ku duba wani, ku je da rana tsaka ana cikin darasi, ku nemi shiga aji biyu, ke ki nuna yaron da zai karanta, daga layin baya, a shafin da kika buɗe. Gani ya kori ji. Ku kuma yi lissafin kuɗin yara uku har shekara biyar, ba na tam ɗaya ba, domin yaron da ake korowa gida kowane wata saboda bashin kuɗin sukul ya fi na gwamnati asara, an yi gudun gara an faɗa gidan zago. Ki sani kuma a tsarin sakandare kyauta da aka fara a 2017 an ware kashi 30 cikin ɗari na gurabe a fitattun sakandare don yaran da suka fito daga JHS na gwamnati, har wasu iyaye ke dawo da 'ya'yansu gwamnati dab da BECE.

Inda zan ce ki cire ta ba tare da waiwaye ba shi ne in malamai ba sa zuwa, ko kun kai tam biyu kuna tambaya ba wani shiri a ƙasa, ko ana dukanta har ta tsani littafi. A nan ma ki fara duba wani sukul na gwamnati a Asokore Mampong ko kusa, don tsakanin biyu masu katanga ɗaya akan sami bambanci mai yawa, gwargwadon shugaba.

Ko ta zauna ko ta tashi, minti goma sha biyar na kowane dare a gidanki ba wanda zai yi miki shi. Ta karanta miki da ƙarfi kina tsinke ganye ko kina ƙulla kaya, ta fassara miki da Hausa, ki yi mata gardama, ki ce a'a, me ya sa ya yi haka? Ba sai kin iya Turanci ba. In akwai mai karanta Hausar boko a gidan, ya koya mata, domin Hausa yadda ake faɗa haka ake rubutawa, yaro yana kama ta da wuri, kuma idon da ya buɗe a harshe ɗaya ba ya rufewa a na biyu. In kun hau mota zuwa Kejetia, ta karanta miki allunan shaguna da rubutun bayan motoci. Akwai ɗakin karatu na jihar Ashanti a harabar Cibiyar Al'adu, ku leƙa wata Asabar. Ki lura ko tana matse ido in tana kallon nesa, ko sai an maimaita mata magana, don na sha ganin yaron da aka yi wa tambarin daƙiƙi ashe allo ne ba ya gani. Kada ta fita da safe ciki wayam, ko koko da ƙosai ne.

Ƙannen nan biyu da kika ambata a gefe, su ne ma suka fi tsaya min a rai, don su lokacinsu bai wuce ba. Ki je ki ga ajinsu da idonki a satin nan. In kin yi gwajin na yau, ki rubuto min kalma nawa ta karanta a minti ɗaya, littafin aji nawa ne, da abin da ta ce da aka tambaye ta labarin, sai in gaya miki ta inda za ku fara.